Mazubi, ma'auni ko firji: wane kayan aiki ya kamata mai haɗa kunun zaki da zoɓo ta fara saya?

Duk wadda ta taɓa haɗa kunun zaki mai yawa a tsakiyar bazara, ta rufe shi da daddare yana ƙamshin citta da kanumfari, sannan ta wayi gari ta ɗaga murfi ta tarar da kumfa ta taso kuma wani kaifin wari ya bugi hancinta, ta san irin ɓacin ran da nake magana a kai. Gero ya tafi, kuɗin markaɗe da na itace sun tafi, ga kuma masu jiran a kai musu. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan geron, ko a ce yau hannu bai yi kyau ba, alhali idan aka bi diddigi za a tarar matsalar tana ga bokitin da kunun ya kwana a ciki, ko ga zafin da aka haɗa ƙullun a kansa, ko ga awannin da ya yi a ɗaki mai zafi kafin ya samu sanyi. Duk ukun nan magana ce ta kayan aiki. Da yake kuɗin hannun yawancinmu ba ya isa a sayi komai a lokaci guda, abin da ya kamata a tantance shi ne wanne za a fara saya, wanne zai iya jira, wanne kuma ba a bukatarsa sam.

Da yawa daga cikin ƙananan ma'aunai da robobi masu famfo da ake tallatawa yanzu an ƙirƙiro musu kasuwa ne domin masu dafa giya a gidajensu a Turai da Amurka. Ingila ta cire sharaɗin neman lasisi ga mai dafawa domin amfanin kansa a 1963, a Amurka kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta ba da wannan damar a 1978, daga nan kamfanoni suka shiga ƙera kayan cikin araha. Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa mu da kayan masu giya. Amsar ita ce rabin farko na aikin iri ɗaya ne: a jiƙa hatsi, a niƙa, a dafa, a bar sinadaran da ke cikin tsiro, wato hatsin da aka bari ya tsira, su mayar da sitaci ya zama sukari. Haka burukutu yake farawa a Filato da kudancin Kaduna, haka pito a arewacin Gana, haka bilbil a Kamaru da Chadi. Hanya tana rabuwa ne bayan an samu zaƙin. Mai giya yana ba wa yis kwanaki ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa da iska, mai kunu kuwa tana son ɗan tsami kaɗan mai daɗi, sannan ta tsayar da komai kafin yis ya yi ƙarfi. Saboda haka ma'aunin da zan bi a nan guda ɗaya ne: kayan da zai taimaka mata ta san halin da abin shan yake ciki, ko ta tsayar da shi inda take so, yana da amfani a gare ta, kayan da aka yi domin hidimar yis kuwa, ko kyauta aka ba ta, ba nata ba ne.

Zan fara da mazubin da abin sha yake kwana a ciki, domin shi ne aka fi rainawa kuma shi ya fi ɓarna. Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurin Musulmi. A hadisin tawagar Abdul Ƙais, wanda Bukhari da Muslim suka rawaito, Manzon Allah (SAW) ya hana yin tsimi a cikin duma, da wani irin tulu da ake shafe shi, da kututturen dabino da aka fafe, da mazubin da aka shafe da kwalta. Daga baya ya yi sassauci a kan mazuban, ya bar haramcin a kan abin da ke sa maye, kodayake malaman Malikiyya sun ci gaba da ganin karhancin tsimi a duma da mai kwalta, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani. Dalilin da malamai suka bayar shi ne abin sha yana saurin juyawa a irin waɗannan mazuban. Akwai kuma hadisin Ibn Abbas da ke nuna cewa ana shan tsimin a ranar da aka yi shi da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura kuma ba a ajiye shi. Hukunci na malamai ne, amma darasin aiki a bayyane yake, wato mazubi da lokaci su ne suke juyar da abin sha.

Ƙwarya da randa suna da ƙananan ƙofofi a jikinsu da ido ba ya gani, kuma ragowar kunun jiya yana shiga ciki tare da yis da ƙananan ƙwayoyin halitta da ke kawo tsami. Shi ya sa masu burukutu suke son tsohuwar tukunya, domin ita da kanta tana tayar da sabon dahuwa. Ga mai yin kunun da iyali za su shanye kafin azahar, randa ba ta da laifi, har ma tana ba shi wani ɗanɗano da sanyi da roba ba za ta bayar ba. Ga mai sayarwa kuwa, wadda take bukatar kunun yau ya yi daidai da na jiya, randa ba abar dogaro ba ce, saboda ba a iya wanke cikin jikinta.

Roba ita ce mafi yawan mutane za su saya, kuma zaɓi ne mai kyau idan an san wadda ake saya. A juya gindinta, za a ga wata alama mai kusurwa uku da lamba a tsakiya. Mai lamba 2 da mai lamba 5 su ne suka dace da abinci kuma suke jure ɗumi, mai lamba 5 ɗin ta fi jure zafi. Mai lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da lemo, kuma tana fara laushi tana lanƙwashewa tun zafi bai wuce digiri 70 ba. Bokitin fenti da jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba sa komawa kayan abinci komai yawan wankin da aka yi musu. Jarkar mangyaɗa mai lita 25 robarta ta abinci ce, amma bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, don haka ba a taɓa sanin abin da ya maƙale a kusurwoyinta. Farin bokiti mai faɗin baki da murfi mai kamawa ya fi ta nesa ba kusa ba, kuma fari ya fi mai launi domin datti ba ya ɓuya a jikinsa.

Raunin roba shi ne karcewa, kuma a kan wannan na yi asarar da har yanzu nake tunawa. A wani azumi da ya faɗo cikin zafi, kunu lita 20 ya lalace mana sau biyu a jere, muka canja gero, muka canja wurin markaɗe, bai hana ba. Sai da na ɗauki bokitin na fita da shi rana na karkata shi, na ga cikinsa duk zane-zane ne na soson ƙarfe, kuma a cikin kowane zane akwai wani siririn layi ruwan ƙasa da sabulu bai taɓa kaiwa gare shi ba. Da na sa farce na kankara, sai ga wani abu mai yauƙi yana wari irin na kunun da ya lalace. Tsabtar da muke ganin muna yi da soson ƙarfe ita ce take haƙa wa ƙwayoyin gidan zama. Tun daga ranar bokitin kunu yake da sosonsa mai laushi shi kaɗai, ba a jiƙa wanki a cikinsa, ba a ɗebo ruwa da shi, kuma da zarar ya karce sai a mayar da shi wani aikin a sayi sabo.

Babbar kwalbar gilashi irin wadda masu ruwan inabi suke amfani da ita, mai lita 4.5 a Ingila ko mai kusan lita 19 a Amurka, ba ta karcewa kuma ba ta riƙe wari, amma tana da nauyi, bakinta siriri ne, tana tsagewa idan aka zuba mata tafasasshen ruwa, kuma a gidan da yara ke kai-komo haɗari ce. Ga zoɓon da aka tace tana iya yin amfani, ga kunu mai kauri kuwa wahala ce kawai. Mazubin da ya fi kowanne shi ne na silba, wato ƙarfen da ba ya tsatsa: ba ya tsoron zafi, ba ya tsoron tsami, ana iya tafasa ruwa a cikinsa domin kashe ƙwayoyi, kuma zai yi shekaru. Tsadarsa ce kawai matsalarsa.

Wannan ya kawo mu ga tukunyar dahuwa, inda amsar ta danganta da abin da ake dafawa. Idan ruwa kawai za a tafasa a sheƙa a kan ƙullu, tukunyar alminiyam ta wadatar, kuma tana saurin ɗaukar zafi fiye da silba. Zoɓo ne yake canja lissafin. Zoɓo abu ne mai tsami sosai, kuma tsami yana cin jikin alminiyam da baƙin ƙarfe, shi ya sa za a ga cikin tukunyar ya yi fari tas bayan an dafa shi, launin zoɓon kuma ya dushe daga ja mai haske zuwa wani duhu-duhu. Abin da ya bar jikin tukunyar yana cikin abin shan. Damuwar ta fi girma a kan tukwanen da ake zubawa a gida daga tarkacen ƙarafa, waɗanda wasu ke kira tukunyar dalma, domin abin da ake narkarwa yakan haɗa da sassan injin mota da makamantansu. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya samu gubar dalma tana fita daga jikinsu idan aka dafa abu mai tsami, kuma mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, duk da cewa wancan daga haƙar zinariya ne, bai kamata mu ɗauki maganar da wasa ba. Ba ina cewa a zubar da tukwanen gida ba ne, ina cewa kada a dafa zoɓo ko tsamiya a cikinsu, kada kuma a bar su su kwana a ciki. Tukunyar samira tana jure tsami muddin rufin jikinta bai ɓantare ba. Da ya ɓantare, ƙarfen ƙasa ya bayyana, amfaninta ga zoɓo ya ƙare. Don haka mai zoɓo ta sa tukunyar silba a sahun farko, mai kunu zalla kuwa tana iya jinkirta ta.

Kayan da na fi so mai karatu ya saya, kuma wanda ba kasafai ake ganinsa a madafanmu ba, shi ne ma'aunin zafi. Dalilin yana cikin yadda kunun zaki yake samun zaƙinsa. Sitacin gero da na dawa ba ya buɗewa sai ya ji zafi sosai, na dawa yakan bukaci digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Salshiyas, sama da na sha'ir wanda yake buɗewa tun wajen 60. Su kuma sinadaran da ke cikin tsiro da ɗanyen dankali, waɗanda suke yanka sitacin su mayar da shi sukari, sun fi aiki tsakanin digiri 60 da 70, kuma suna mutuwa idan zafi ya kusanci 80. Wato zafin da ke buɗe sitacin shi ne yake kashe mai aikin. Iyayenmu mata sun warware wannan tun da daɗewa ta hanyar raba ƙullu biyu: a dama kaso mafi yawa da tafasasshen ruwa ya yi kauri, a bar shi ya sha iska, sannan a zuba ɗanyen kason da ke ɗauke da dankali ko tsiro. Kamfanonin Najeriya sai da suka fuskanci wannan matsalar da kansu bayan gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, suka koma ga dawa wajen yin giya da lemon malt, suka tarar dole a dafa sitacin daban kafin a haɗa shi da abin da zai narkar da shi.

Abin da babu tabbas a kansa a gida shi ne wannan "ya sha iska". Hannun gwanar da ta shekara ashirin tana yi ya san lokacin, amma hannun 'yarta ko na mai taya ta aiki bai sani ba, kuma lita 20 a sanyin hunturu ba ya hucewa kamar lita 20 a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato kan kai digiri 40. Idan aka zuba ɗanyen ƙullun da wuri, zafi zai kashe sinadaran, kunun ya tsaya da kauri babu zaƙi, sai a cika shi da sukari. Idan aka zuba a lokacin da haɗin zai tsaya tsakanin 60 da 65, aka rufe na awa ɗaya ko biyu, da ido za a ga kaurin ya saki ya tsinke, zaƙi ya fito, tsamin kuma ya yi jinkirin zuwa domin wannan zafin yana rage ƙwayoyin da ke kawo shi. Idan kuwa aka bari ya huce zuwa wajen 40, zaƙin zai ragu, tsami ya zo da wuri, domin wannan ɗumin shi ne ƙwayoyin suka fi so. Da ma'auni a hannu, mai haɗawa ita ce za ta zaɓi irin kunun da take so, kuma za ta iya maimaita shi gobe.

Ma'aunan iri-iri ne. Na asibiti ba ya wuce digiri 42 ko makamancin haka, don haka ba ya cikin lissafi, haka ma na goshi da muka saba gani a ƙofofi lokacin korona. Na madafa mai harba haske yana auna saman abu ne kawai, kunu kuwa samansa yana hucewa alhali cikinsa na ƙuna. Na gilashi yana iya fashewa a cikin tukunya, idan kuma mai zaiba ne, duk abin da ke cikin tukunyar ya zama guba. Mai fuskar agogo ba ya bukatar batir amma yana da nawa kuma yakan kauce da tsufa. Wanda nake ba da shawara shi ne mai batir da dogon tsinken ƙarfe, wanda ake tsomawa har tsakiya bayan an juya da muciya. Kafin a amince da shi a gwada shi: a cikin ruwan da aka cika da dakakkiyar ƙanƙara ya nuna 0, a tafasasshen ruwa kuma ya nuna 100 a Legas, wajen 98 a Kano, wajen 96 a Jos, saboda ruwa yana tafasa da wuri a kan tudu.

Ga mai yin tsironta da kanta akwai wani ɗan kaya da bai kamata a manta ba, wato rariya ko faifan da za a murje busasshen tsiro a sheƙe. Tohon dawa da saiwoyinsa suna ɗauke da sinadarin da ke sakin guba, irin wanda makiyaya suka san yana kashe shanu idan suka ci ƙaramar dawa, don haka ana murje su a fitar kafin a niƙa ƙwayar.

A kan niƙa ba zan tsawaita ba. Injin markaɗe na unguwa ya fi kowace bilenda iya gero, kuma babu bilendar gida da za ta jure mudu uku kullum ba tare da ta ƙone ba. Laifinsa shi ne ragowar waken ƙosai ko tattasan wanda ya riga ki, da ruwan da ba ki san daga ina aka ɗebo ba. Maganinsa a je da sassafe, a tafi da ruwan gida mai tsabta, a sa a ɗauraye injin a gabanki. Bilenda ta dace da citta, abarba da kokwamba na zoɓo. Sayen injin kai sai ciniki ya kai inda kuɗin markaɗen wata yake da nauyi. Abin tata kuwa a mallaki biyu ko uku, a riƙa tafasa su bayan kowane aiki a shanya a rana, domin ƙyallen da ya kwana da danshi shi ma mazubi ne na ƙwayoyi. Wajen wuta, gas ya fi itace da gawayi tsabta da saurin sarrafawa, kuma tafasa lita 20 yana cin kusan rubu'in kilo ɗaya, sai dai zoɓo da kunu ba su damu da wace wuta aka yi amfani da ita ba muddin hayaƙi bai shiga ba.

Sai ma'aunan zaƙi, waɗanda su ne abin alfaharin masu giya. Na farko wani siririn gilashi ne da ake sakawa ya yi iyo a cikin ruwa, ana kiransa haidiromita. A ruwa zalla yana nuna 1.000, a ruwan da ke da sukari kashi 10 cikin 100 yana nuna wajen 1.040. Mai giya yana auna farko da ƙarshe domin ya san ƙarfin abin da ya dafa, mai zoɓo kuwa tana iya juya amfaninsa: idan ta auna 1.040 ranar da ta haɗa, bayan kwana biyu ta ga 1.036, wani abu yana cin sukarin, kuma idan yis ne, wannan saukar kaɗai tana daidai da barasa wajen rabin kashi ɗaya cikin 100. Na biyu ɗan bututu ne da ake ɗiga masa ɗigo biyu a leƙa ta cikinsa a haske, yana nuna yawan sukari kai tsaye. Ya fi na farko ƙwari da sauƙi, kuma shi ya fi dacewa da mai son zaƙin zoɓonta ya zama ɗaya kullum. Yawancin lemon kwalba suna tsakanin kashi 10 da 11, wanda zai ba ta abin kwatance. Amma duka biyun suna son ruwa garai-garai. A cikin kunu, gilashin ba ya iyo yadda ya kamata, layin bututun kuma yana dushewa. Hukuncina shi ne mai kunu ba ta bukatar ko ɗaya, mai zoɓo da lemon citta da ke sayar da yawa kuma ta sayi bututun bayan ta gama da sauran. Sikeli mai auna giram ya riga su duka amfani, domin gwangwani da mudu suna bambanta daga hannu zuwa hannu.

Akwai wani ɗan lanƙwasasshen bututu da ake zuba wa ruwa a kafa a murfi, yana barin iska ta fita ba ta shiga. Kusan duk kayan da aka haɗa wa masu giya suna zuwa da shi, kuma aikinsa shi ne ya ba wa yis damar yin kwanaki yana aiki cikin kwanciyar hankali. Abin shan da ya kai ga bukatarsa ya riga ya wuce inda muke so ya tsaya, don haka kada a kashe masa ko sisi. Bokiti mai famfo a ƙasa yana sauƙaƙa ɗura zoɓo a gora ba tare da tsoma kofi da hannu ba, da sharaɗin a riƙa kwance famfon ana wanke cikinsa. Kunu kuwa yana toshe shi. Gorunan da za a ɗura su zama sababbi masu murfin da ba a taɓa ɓallewa ba. Na san tsofaffin goruna sun fi araha, amma ana tsinto su ne daga bola da wuraren biki da inda ba a sani ba, kuma ba sa jure tafasasshen ruwan da zai tsabtace su. Gorar da ta kumbura ta yi tauri, ko ta yi tsaki idan aka buɗe, tana shaida cewa yis ya fara aiki, kuma da kwalbar gilashi ce tana iya fashewa. Wadda za ta sa suna da tambari ta kai shaguna kuma ta tuna cewa abin sha da aka ɗura domin sayarwa yana bukatar rajistar NAFDAC.

Duk wannan tsabtar jinkirta lalacewa kawai take yi, sanyi ne yake tsayar da ita. Ƙwayoyi suna yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60, wasunsu suna ninka kansu cikin minti 20 idan ɗumi ya yi musu daidai, shi ya sa kunun da aka sa wa sukari ba ya wuce yini guda a waje. Firiza mai buɗewa ta sama ta fi firji mai tsayuwa riƙe sanyi idan an ɗauke wuta, domin sanyin ba ya zubewa duk lokacin da aka buɗe, kuma ita ce burin duk mai wannan sana'a, musamman idan da halin haɗa ta da sola. Kafin a kai nan, kula mai riƙe sanyi da ƙanƙara suna yin aikin, amma a san lissafin: sauke lita 20 daga digiri 35 zuwa 5 yana cin ƙanƙara kilo 7 zuwa 8, idan kuwa aka sa zoɓon da zafinsa yana 80, sai ya ci kusan kilo 19. Saboda haka a fara tsoma tukunyar a cikin baho mai ruwan sanyi ana canja ruwan, sannan a ɗura a kai kula, kuma ƙanƙarar ta tsaya a wajen gora domin ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba. Randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana rage zafi sosai a lokacin rani idan iska ta bushe, amma ba ta kaiwa digiri 5, kuma da damina ƙarfinta yana raguwa. Tana ƙara wa kunu awanni, ba kwanaki ba.

Zoɓo yana da wata dama da kunu ba shi da ita. Saboda tsaminsa, idan aka ɗura shi da zafinsa wajen digiri 85 a kwalaben gilashi da aka tafasa kuma suna da ɗumi, aka rufe nan take, yana daɗewa fiye da wanda aka ɗura da sanyi. Wannan dabarar ta yi kama da wadda Louis Pasteur ya fito da ita a Faransa a shekarun 1860 domin hana ruwan inabi lalacewa. A kula cewa kanwar da wasu ke sakawa domin kashe tsamin zoɓo tana rage wannan kariyar. Kunu kuwa idan aka matsa masa wuta sai ya koma kamar koko, kuma ko an ɗumama shi yana nan yana bukatar sanyi.

Wajen kashe ƙwayoyi a jikin kaya, tafasasshen ruwa ya isa ga silba, ludayi da abin tata. Ga roba, bayan an wanke da sabulu, bilic cokali babba ɗaya a ruwa lita 4 na tsawon minti 20 yana aiki, sannan a ɗauraye da ruwan da aka tafasa har warin ya fita. Kada a jiƙa silba a bilic domin yana cin jikinta, kada kuma a taɓa haɗa shi da lemon tsami ko kal, wato binigar, saboda haɗin yana fitar da iska mai guba. Ƙwayoyin salfa da masu ruwan inabi suke amfani da su suna tayar wa wasu masu asma ciwo, ba na ganin dalilin shigo da su gida.

Idan aka tambaye ni jerin saye, ga uwargidan da ke yi wa iyali sau ɗaya ko biyu a mako, farin bokiti mai lamba 2 ko 5 da sosonsa, abin tata biyu da ma'aunin zafi sun wadatar, tare da ƙaramar tukunyar silba ko lafiyayyar samira idan tana zoɓo. Ga wadda ta fara sayarwa a makaranta ko bakin titi, a ƙara kula mai kauri, sikeli da sababbin goruna kafin a yi tunanin bilenda mai tsada. Ga wadda ta kai lita 50 a rana, firiza ta riga injin markaɗe, injin ya riga ma'aunin zaƙi, kuma a wannan matakin ya dace bokitin roba ya sauka, babbar tukunyar silba mai murfi ta karɓi aikin kwanan kunu, a bar robar ga jiƙon gero da wanke-wanke.